Motocin haya masu lantarki a kudancin Kano: A fara gina wurin caji kafin a sayo mota

Tun daga ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur, lissafin tafiya ya sauya a kowane gida. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, zuwa Oktoban 2024 kuma ta tsallake 1,000 a gidajen mai da yawa. Mutumin birni ya ji jiki, amma na karkara ya fi shi, domin duk abin da yake nema yana nesa da shi. Mai jinya daga Doguwa da aka tura babban asibiti a Kano, da ɗalibin Kiru da ke karatu a birni, da matar Tudun Wada da ke turara shinkafa tana aikawa kasuwa, duk kuɗin mota ne ke fara cinye musu abin hannu kafin su taɓa buƙatar da ta fitar da su.

Wannan ne ya sa maganar motocin fasinja masu amfani da lantarki ta fara shiga hirar direbobi da masu motoci, har da magidanta masu yawan iyali. Ina ganin motar za ta amfani Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa, watakila ma fiye da yadda za ta amfani wasu unguwannin birni. Sai dai ina da sharaɗi guda, kuma a kansa na gina wannan sharhi: kada a fara da motar. A fara da wurin da za ta sha wuta, da wanda zai gyara ta, da hanyar da direba zai bi ya mallake ta. Idan aka juya wannan jeri, za a yi asarar kuɗi, a kuma ɓata wa abu mai kyau suna.

Yadda yankin yake

Wanda ya san hanyar ya san cewa ƙananan hukumomin nan huɗu titi ɗaya ya ɗaure su. Ka taso daga tashar Unguwa Uku da ke Kano ka miƙi titin Zariya, ka wuce mahaɗar da ke shiga Bagauda da Tiga a ƙasar Bebeji, sai ka iso Kwanar Ɗangora a ƙasar Kiru. A nan hanya ke rabuwa: wata ta zarce Zariya, wata ta shiga cikin Kiru, wata kuma ta karkata zuwa Tudun Wada, ta ratsa dajin Falgore, ta bi ta Doguwa har Saminaka da Jos. Daga Kano zuwa Kwanar Ɗangora bai kai kilomita 100 ba, kuma titi ne mai tagwayen hannu da aka sake ginawa. Daga nan zuwa gaba tafiya na ƙara tsawo, garuruwa na ƙara nisa da juna, ƙasa na fara tudu da gangare, har a kai duwatsun Riruwai.

Motocin da ke ɗauke da wannan zirga-zirga sanannu ne: bas ƙirar Hayis da Homa, da Sharon, da Golf, sai ƙurƙura mai shiga ƙauyuka ranar kasuwa. Kusan dukkansu tsofaffi ne 'yan Kwatano, waɗanda suka gama aikinsu a Turai kafin su iso nan. Direba na fita da asuba, ya sha mai, ya biya kamasho, ya ware balas ɗin mai mota, abin da ya rage shi ne cefanen gida. A cikin waɗannan duka, mai ne ke ɗaukar kaso mafi tsoka. Shi ya sa Sharon da aka ƙera don mutum bakwai take ɗaukar goma, a ɗaure buhuna a bayanta but ɗin a buɗe. Ba son zuciyar direba kaɗai ba ne, lissafin ne ba ya fita sai da haka. Kuma wannan cunkoso yana cikin abin da ke mayar da ƙaramin haɗari ya zama jana'izar mutum da yawa.

Lissafin mai da na wuta

Bari mu yi lissafin yadda direba zai gane. Bas mai cin mutum 14 zuwa 18, idan ta cika, takan sha kimanin lita 12 zuwa 14 a kowane kilomita 100. A ɗauka lita 13 ce, a kuma sa kowace lita naira 900. Kuɗin mai ya kama naira 11,700. Bas mai lantarki mai irin wannan girma takan ci kimanin yunit 25 zuwa 30 na wuta a wannan tazara, irin yunit ɗin da mita ke ƙirgawa a gida. A farashin rukunin Band A na masu samun wuta sa'o'i 20 a rana, wanda ya kama kusa da naira 210 kowane yunit a tsakiyar 2024, yunit 30 ya kama naira 6,300. Kusan rabi ke nan. Direban da ke yin kilomita 200 a rana zai rage sama da naira 10,000 kullum. A wata, idan ya yi aiki kwana 26, abin ya haura naira 250,000.

Ga kuma abin da ba ya cikin wannan lissafi. Motar lantarki ba ta buƙatar juyen baƙin mai, ba ta da fulogi, ba ta da salansa, ba ta da kulocin da zai ƙone a hawan tudu. Birkinta ya fi daɗewa, domin injin da kansa ne ke rage gudu, kuma a lokacin yana mayar da wuta cikin batir. A gangaren Doguwa wannan riba ce ta zahiri. A ɗaya ɓangaren, motar ta fi nauyi saboda batir, don haka taya da ƙafa za su fi saurin gajiya a hanyar da ke da ramuka.

Amma duk wannan riba tana rataye ne a kan inda wutar ta fito. Idan janareto mai dizal za a tayar don a yi caji, magana ta ɓaci. Litar dizal ɗaya takan ba da kimanin yunit uku, ke nan yunit 30 sai an ƙona lita goma. Kuɗin ya kamo na fetur, ko ya wuce shi. Wanda ya sayi motar lantarki yana dogaro da janareto ya biya tsadar mota, bai kuma tsira daga gidan mai ba.

Ina wutar take?

A nan ne gizo ke saƙar. Garuruwan kudancin Kano ba sa cikin masu samun wutar KEDCO ta sa'o'i 20 a rana. Ƙauyuka da yawa sukan yi kwanaki ba su ga ƙyallinta ba, idan taransifoma ta ƙone kuma sai an yi karo-karo. Ba mu manta da ƙarshen Oktoban 2024 ba, lokacin da lalata layin Shiroro zuwa Kaduna da matsalar wani babban layin suka jefa yawancin Arewa cikin duhu sama da mako guda. Da a ce a lokacin motocin haya na yankin sun dogara da wutar gwamnati kaɗai, da zirga-zirga ta tsaya cak.

Abin da ke ba ni ƙwarin gwiwa shi ne yankin yana da hanyoyin wuta biyu a ƙofar gidansa. Ta farko rana ce. A ƙasar Kano, faifan sola mai ƙarfin kilowat ɗaya yakan tara yunit huɗu da rabi zuwa biyar a yini. Batir mai ɗaukar yunit 60, wanda zai kai bas kimanin kilomita 200, yana buƙatar faifai 24 ko kusa da haka, masu wat 550 kowanne, don ya cika a yini guda. Wannan ya fi ƙarfin rufin gidan talaka, amma bai fi ƙarfin rumfar tasha ba. Rumfa ɗaya doguwa za ta yi wa fasinja inuwa, ta kuma ba motoci wuta. Abin kula kawai shi ne ƙurar hunturu, wadda ke rage ƙarfin faifan idan ba a wanke shi a kai a kai.

Masu suka kan ce rana na fitowa ne a lokacin da mota ke kan hanya, don haka sola ba ta da amfani sai da wani babban batir na ajiya. A birni wannan magana tana da nauyi. A tashar karkara kuwa, kowa ya san mota ta fi daɗewa a tsaye fiye da a guje. Direba ya sauke fasinja, ya shiga layi, ya jira juyinsa, sannan ya jira lodi ya cika. Sa'a biyu ko uku na iya wucewa, galibi da tsakar rana. Wannan zaman jira da direba ke ɗauka asara ne, shi ne daidai lokacin cajin motarsa. Na'urar caji mai sauri ta kilowat 60 za ta mayar wa bas yawancin wutarta cikin kimanin sa'a guda. Tsarin layin da ƙungiyar direbobi ta NURTW ke gudanarwa ya riga ya dace da wannan fasaha, ba sai an sauya shi ba.

Hanya ta biyu ita ce madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka gina tsakanin 1971 da 1974 a zamanin Gwamna Audu Baƙo. Ruwanta ne ke shayar da gonakin rani na Kadawa da Kura da Bunkure. A jikinta gwamnatin jiha ta gina tashar lantarki mai megawat 10, da niyyar ba matatar ruwa ta Tamburawa da fitilun titunan birni wuta. Niyya ce mai kyau. Amma adalci ya ce mutanen da aka tayar da ƙauyukan iyayensu don a tara wannan ruwa su ma su ɗanɗana. Na'urorin caji goma masu kilowat 60, ko da duka suna aiki lokaci guda, kilowat 600 za su ja, wato kashi 6 cikin 100 na ƙarfin tashar. Dokar Lantarki ta 2023 ta ba jihohi ikon tsara kasuwar wutarsu, don haka wannan shawara ce da za a iya yankewa a Kano ba sai an je Abuja ba.

Abin da wasu suka riga suka gwada

Ba sai mun leƙa Turai ba kafin mu ga misali. A Maiduguri, wani matashi, Mustapha Gajibo, ya kafa kamfanin Phoenix Renewables, ya fara da cire injin fetur daga ƙananan bas-bas yana sa musu batir, daga baya ya shiga ƙera bas mai kujeru 12. Abin lura a aikinsa shi ne ya haɗa motocin da wurin caji mai aiki da hasken rana, kuma gajerun hanyoyin cikin gari ya sa su. A Disamban 2023 gwamnatin Borno ta Farfesa Babagana Zulum ta ƙaddamar da motocin haya masu lantarki da masu gas a birnin. A Sakkwato, hukumar kula da ƙera motoci ta ƙasa, NADDC, a ƙarƙashin Jelani Aliyu, ɗan jihar da ya zana motar Chevrolet Volt a Amurka, ta buɗe wurin caji mai sola a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a 2021. A shekarar ce kuma kamfanin Jet Motor ya ba kamfanin aika kaya na GIG motoci masu lantarki a Legas.

Darasi mafi amfani gare mu yana Kenya. Kamfanin BasiGo, wanda ya sa bas ɗinsa na farko a titunan Nairobi a 2022, ya gane cewa mai motar haya ba zai iya biyan kuɗin batir a dunƙule ba. Sai ya tsara a ba da kafin alƙalami, sauran kuma a riƙa biya gwargwadon kilomitar da mota ta yi, caji da gyara duk suna ciki. Habasha ta bi wata hanyar: a farkon 2024 ta hana shigo da ƙananan motoci masu fetur da dizal, tana taƙama da arhar wutar madatsun ruwanta. Amma da yake wuraren caji sun taru a Addis Ababa, mutanen larduna sun sha wahalar wannan doka. Duk inda abin ya yi kyau, wuta da tsarin biya ne suka riga mota isowa.

Kuɗin saye

Babban shingen shi ne farashi. Sabuwar bas mai lantarki ta ninka tsohuwar Homa 'yar Kwatano, kuma faɗuwar darajar naira tun 2023 ta ƙara nisan tazarar. Gaskiya ne farashin batir a duniya ya faɗi da kusan kashi 90 cikin 100 tun daga 2010, kuma a Oktoban 2024 Gwamnatin Tarayya ta cire harajin VAT a kan motocin lantarki. Duk da haka direban Kiru ba shi da miliyoyin da zai ajiye a tashi ɗaya.

Sai dai tsarin biya kaɗan-kaɗan ba baƙo ba ne a Kano. Da shi dubban matasa suka mallaki A Daidaita Sahu, suna kai balas kullum har mashin ya zama nasu. Abin da ake buƙata shi ne a ɗora motar lantarki a kan wannan turba, da wa'adi mai tsawo, yadda abin da direba ya rage na mai zai biya kason wata. Bankunan da ba sa mu'amala da ruwa, irin su Jaiz da TAJ, suna da tsarin murabaha da ijara da mutanenmu za su karɓa da natsuwar zuciya. Aikin gwamnati a nan shi ne ta tsaya wa ƙungiyoyin direbobi a matsayin mai lamuni, kuma ta tabbatar garantin batir a rubuce yake.

Abin da nake tsoro shi ne rabon siyasa. Mun sha ganin an jera motoci a fili, an yanka ƙyalle, an raba wa 'yan gaban goshi, bayan shekara biyu a same su a kan duwatsu babu taya. Motar fetur da aka raba haka takan sami bakaniken da zai tashe ta. Ta lantarki kuwa, idan babu wurin caji babu mai gyara, ranar da ta tsaya ta tsaya ke nan.

Magidanci mai yawan iyali

Akwai magidanta a yankin nan da ke da mata biyu ko uku da 'ya'ya sama da goma, kuma duk fitar biki ko suna ko ta'aziyya sai an yi shatar mota. Irin wannan mutum zai ji kwaɗayin mota mai kujeru 12 da ba ta shan mai. Shawarata gare shi ita ce ya yi haƙuri ya duba nisan da yake yi. Ribar motar lantarki a kilomita take. Motar haya mai yin 200 a rana za ta fanshi tsadarta cikin 'yan shekaru. Motar gida da ke fita sau biyu a mako ba za ta fanshe ta ba, batir kuwa yana tsufa ko ana hawa ko ba a hawa, musamman a zafin Afrilu da ke haura digiri 40. Kada kowa ya sayar da gona ko shanu saboda wannan.

Inda za ta yi wa iyali rana shi ne idan ta zama sana'a: ta kai yaran unguwa makaranta da safe, ta yi jigilar kasuwa da rana, ta kasance ta gida ranar da ake buƙata. 'Yan'uwa uku ko huɗu za su iya haɗa hannu a kan mota ɗaya, ɗansu ya tuƙa. Haka nan makarantun kuɗi da na Islamiyya, da asibitoci, da wurare irin Makarantar Horar da Lauyoyi ta Bagauda, waɗanda motocinsu ke bin hanya ɗaya kullum su kwana wuri ɗaya. Su ne suka fi dacewa su fara, domin sun san nisansu, kuma suna da filin kafa sola.

Duk mai saye ya kiyaye abu uku. Ya nemi a gwada masa lafiyar batir da na'ura kafin ya biya, musamman idan motar ta hannu ce. Ya fifita batir nau'in LFP, wanda ya fi jure zafi, ya kuma fi wuyar kamawa da wuta. Sannan ya duba tsayin cikin motar daga ƙasa, domin batir a ƙarƙashi yake, kuma hanyoyin ƙauyukanmu da damina ba sa yafiya. Ya sani kuma nisan da kamfani ya rubuta a takarda an auna shi ne ba tare da buhunan masara a saman mota ba.

Falgore da maganar tsaro

Tsakanin Tudun Wada da Doguwa akwai dajin Falgore, kuma matafiya sun san tarihinsa na 'yan fashi da masu garkuwa da mutane. Motar da mai ya ƙare mata, ana iya kawo mata galan a kan babur. Wadda caji ya ƙare mata sai an ja ta. Babu direba mai hankali da zai shiga wannan daji da mata da yara yana kallon batir na sauka. Saboda haka kada a sa motar lantarki a layin Doguwa da Riruwai sai an kafa wurin caji tabbatacce a Tudun Wada, da wani a Doguwa, kowanne da batirin ajiya. Kafin nan, gas ɗin CNG ya fi dacewa da dogon zango, tunda ana iya juya Homar da ake da ita da kuɗi kaɗan, kuma motar na riƙe da tankin fetur ɗinta. Bututun AKK mai tsawon kilomita 614 daga Ajaokuta zuwa Kano, idan ya fara aiki, zai sauƙaƙa samun gas ɗin. Gas da lantarki ba kishiyoyi ba ne, kowanne da hanyar da ta dace da shi.

Masu gyara

Batirin irin wannan mota yana ɗauke da wuta mai ƙarfin bolt 300 zuwa 400, wadda ke kisa nan take. Bakanike da mai wayarin da suka ƙware a kan Golf ba za su taɓa ta da ilimin jiya ba. Suna da basira, horo kawai suke buƙata da kayan kariya. Kwalejin Fasaha ta Bagauda tana cikin yankin, ga Jami'ar Aliko Ɗangote da ke Wudil, ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kano. A fara da masu gyaran da ke tashoshin yanzu da yaransu, don kada sabuwar fasaha ta raba su da abincinsu. A kuma tsaya a kan ƙira ɗaya ko biyu, yadda 'yan kasuwar Ƙofar Ruwa za su ga riba a ajiye kayan gyaranta. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Abin da ya kamata a yi

Matakin farko shi ne rumfar caji mai sola a Kwanar Ɗangora, da takwararta a Unguwa Uku. A sa motoci kaɗan a layin Kano zuwa Tiga da Bebeji da Kiru, a hannun direbobin da ƙungiyarsu ta tantance, kan tsarin biya kaɗan-kaɗan. A yi shekara guda cur, a ga damina da hunturu da bazara, a rubuta abin da aka kashe da abin da aka samu, a bayyana wa jama'a. Sharaɗin tallafin gwamnati ya zama sauƙin kuɗin mota ga fasinja da daina cunkusa mutane fiye da kujeru. Idan lissafi ya fita, a matsa zuwa Tudun Wada, daga nan Doguwa. Direba idan ya ga abokinsa na komawa gida da ƙarin kuɗi, ba sai an yi masa wa'azi ba. Gani ya kori ji.

Ina kira ga shugabannin ƙananan hukumomin nan huɗu, da 'yan majalisar da ke wakiltar Kiru da Bebeji da masu wakiltar Tudun Wada da Doguwa, da Gwamnatin Jihar Kano, su zauna da shugabannin direbobi kafin a sa hannu a kan kowace kwangilar sayen mota. Kuɗin aikin mazaɓa da za a kashe a rabon motoci, a fara zuba shi a rumfar caji da horar da masu gyara, a kuma ware wa mutanen Tiga da maƙwabtansu kasonsu na wutar da ruwansu ke samarwa. Masu hannu da shuni na yankin su ma ga kasuwa a gabansu, domin wanda ya kafa wurin caji a yau yana matsayin wanda ya gina gidan mai a bakin titin Zariya shekaru 40 da suka wuce. Allah Ya ba shugabanninmu ikon yin abin da zai sauƙaƙa wa talaka tafiya.